Yadda Ake Bin Salsalar Gida ta Tsofaffin Hotuna

Ranar sadakar bakwai ta kakata ta wajen uba, mata suka buɗe adakarta don a ware kayan rabo. Can ƙarƙashin zannuwan saƙi da wani tsohon mayafi da har yanzu yake ƙamshin turaren wuta, sai ga ƙunshi a ɗaure cikin ɗankwali. Kowa ya ɗauka kuɗi ne. Da aka kwance, hotuna ne guda 31, wasu sun yi jaja-jaja, wasu gara ta ɗan taɓa gefensu. Aka yi ta miƙa wa juna ana cewa, "Wannan fa wane ne?" Mutum takwas muka gane. Sauran kuwa, wadda ta san su ita ce muka kai makwancinta mako guda da ya wuce, bayan ta yi shekara da shekaru a ɗakin nan da adakar a ƙarƙashin gadonta, ba wanda ya taɓa cewa ta buɗe.

Kusan shekara uku na yi ina bin waɗannan fuskoki gida-gida. Tsarin da ya yi mini aiki shi zan shimfiɗa a nan, har da wuraren da na yi ɓarna da hannuna. Idan da sauran tsoho ko tsohuwa mai ƙwarin tunani a danginku, ka gama matakai huɗu na farko cikin mako ɗaya ko biyu, domin na biyar shi ne wanda ba ya jiran kowa.

Mataki na 1: Nemo hotunan, amma kada ka kwashe su

Albam shi ne wurin da kowa ke fara dubawa, kuma galibi sababbin hotuna ne a ciki. Tsofaffin suna cikin adaka, da akwatin ƙarfe, da tsakanin shafukan littattafan malam, da bayan firam ɗin da aka ɗora sabon hoto a kan tsoho. Ka tambayi takardu ma, don da yawa daga kakanninmu hotonsu ɗaya tak a duniya, kuma yana manne a jikin takarda: fasfon aikin Hajji, lasin tuƙi, katin fansho, takardar sallama daga soja, shaidar gama makaranta. Irin wannan hoton ya fi na albam daraja, domin yana zuwa da suna da shekara da hatimi.

Kada ka ce a ba ka aro. Mutane sun sha ba da hoto bai dawo ba, kuma tsohuwar da ta ga ka zura hoton mijinta a aljihu ba za ta sake buɗe maka adaka ba. Ka ɗauki kwafi a gabanta, ka mayar mata a hannu.

Abu na biyu, kada ka cakuɗa. Wurin da aka samu hoto shi kansa shaida ne. Na ɓata watanni ina kai hotunan kakata gidajen dangin kakana, suna juya kai. Ashe yawancinsu danginta ne ita, na garin da aka auro ta. Mace takan adana hotunan gidan ubanta; na gidan miji suna wajen miji. Saboda haka ka rubuta tun farko: wannan ƙunshi daga adakar wance ya fito, a gida kaza, ranar kaza.

Mataki na 2: Ba kowane hoto lamba, ka ɗauki kwafinsa gaba da baya

Sayi littafi mai kauri guda ɗaya, ka keɓe shafi ga kowane hoto. Harafi ya tsaya a madadin gidan da aka samo shi, lamba ta biyo: A1, A2 na adakar Kaka; B1, B2 na wajen Kawu. Wannan lambar ita za ta zama sunan kwafin a wayarka. In za ka rubuta ta a bayan hoton, da fensir mai laushi, a can gefe, ba tare da dannawa ba. Tawadar biro tana ratsowa gaba bayan 'yan shekaru, kuma tana shafar hoton da aka jingina da shi.

Wajen ɗaukar kwafi da waya, goge idon kyamarar tukuna. Shimfiɗa hoton a kan farin ƙyalle a inuwa mai haske, kamar bakin ƙofar ɗaki da hantsi, ka kashe filashi, ka riƙe wayar daidai saman hoton ba a karkace ba. Ka bar gefunan takardar su fito, don siffar gefen ma tana da amfani. Sannan ka juya ka ɗauki bayan, ko da ka ga kamar ba komai a jiki. Idan akwai sikana a kusa, a sa ma'aunin kaifinta a kan 600 dpi, ƙananan hotunan fasfo kuma 1200, yadda za ka iya buɗa fuska har ka ƙirga zanen kumatu.

Hoton da ya manne da gilashin firam a bar shi yadda yake, a ɗauke shi ta cikin gilashin. Ɓamɓarowa na tafiya da fuskar mutum. In za ka tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, don in ka tura ta hanyar hoto manhajar na matse shi ya rasa kaifinsa. Kwafin kuma ya zauna a wuri uku: waya, kwamfuta ko filas, da ma'ajiyar intanet.

Manhajojin da ke sa wa tsohon hoto kala ko su gyara fuska, ka yi wasa da su in kana so, amma kada ka kai wa tsofaffi sakamakonsu. Suna goge zanen fuska su ɗauka taɓo ne, suna sake wa mutum hanci da ido.

Mataki na 3: Karanta bayan hoton kafin gabansa

Masu hoto na da sukan buga hatimin shagonsu a baya, da suna da titi da gari. Wannan ɗan hatimi yakan yanke maka shekara goma cikin minti ɗaya, in ka san lokacin da sunayen wurare suka canja.

An ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, don haka adireshin da ya ambaci Jihar Kano bai riga wannan shekara ba. Wanda ya ce Jihar Arewa ta Tsakiya, ko Arewa maso Yamma, ko Arewa maso Gabas, tsakanin 1967 ne da 1976, lokacin da aka mayar da jihohi 19 sunayen suka koma Kaduna, Sakkwato, Neja, Barno, Bauci da Gongola. Katsina ta zama jiha a 1987. Jigawa, Kebbi da Yobe a 1991. Zamfara da Gombe a 1996. Sai dai mai shago yakan ci gaba da amfani da tsohon hatimi har ya lalace, don haka ka ba shi rarar shekara biyu ko uku a gaba.

Idan an rubuta farashi, duba kuɗin. Fam da sule na kafin Janairun 1973 ne. Daga nan naira ta shigo. Hoton da ya zo daga Kumasi ko Ankara mai ɗauke da sunan Gold Coast, tsohon sunan Ghana, ya riga 1957. Wanda ya ce Fort-Lamy ya riga 1973, shekarar da garin ya koma Njamena.

Rubutun hannu kuma ka kwafe shi harafi da harafi, ko da da kuskure. In da ajami ne kuma ba ka iya ba, kai wa malamin zaure. Su ne har yanzu suke karanta hannun mutanen da ba gargada. Ka kula da bambanci tsakanin wanda ke cikin hoton da wanda aka aika wa. "Zuwa ga yayana" na nufin mai hoton ƙanin mai adakar ne ko ƙanin mijinta, ya danganta da wanda aka miƙa wa. Lambobin nan masu ruwan lemo da kyamarorin shekarun 1980 da 1990 ke bugawa a kusurwa kuwa, kada ka rantse da su. Da yawa ba a taɓa saita agogonsu ba.

Mataki na 4: Yanzu juyo gabansa

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da wannan mataki: abin da ya fi sabunta a cikin hoto shi ke faɗin shekarar da hoton ba zai riga ta ba. Tsohon abu ba ya yanke komai, don mutum na iya sa rigar da ya gada daga ubansa.

Fara da takardar. Ƙananan hotuna baƙi da fari masu gefe haƙora-haƙora sun yi tashe tun kafin 'yancin kai har cikin shekarun 1960. Hoton kala bai zama ruwan dare a garuruwanmu ba sai wajen ƙarshen shekarun 1970 zuwa cikin 1980, kuma na farko-farkon su ne suke komawa ja. Akwai kuma baƙi da fari da mai hoto ya shafa wa launi da hannu, a hula ko a ɗankwali; in ka duba da kyau za ka ga launin ya tsallake layi.

Sai kayan da ke kewaye. Tuta kore-fari-kore daga Oktoban 1960 ne. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a Afrilun 1972, don haka mota mai sitiyari a dama yawanci kafin canjin hannu aka shigo da ita, ko da yake wasu sun daɗe a kan titi bayan haka. A Nijar wannan alama ba ta aiki, don can dama ake bi tun zamanin Faransa. Peugeot 504 ta cika gari bayan an fara haɗa ta a Kaduna a 1975. Kakin bautar ƙasa bai riga 1973 ba. Soja mai jar dara da gajeren wando na zamanin Turawa ne, wataƙila cikin waɗanda aka kai ƙasar Bama a yaƙin Hitila. Kakin ɗan doka na zamanin En'e ne, kafin a haɗe su da 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Alamar jam'iyya a hula ko a bango ma tana magana: fartanya ta NPC da tauraro na NEPU na Jamhuriya ta Farko ne, gida da masara na NPN da makulli na PRP na 1979 zuwa 1983. In kuwa Allah ya ba ka sa'a akwai kalanda a bango, buɗa kwafin har ka ga shekarar.

Hattara da kayan shagon hoto. Na daɗe ina alfahari cewa wani kakanmu yana da rediyo da agogon hannu tun kafin a haifi babana, sai na ga rediyon nan dai, da tukunyar furen roba ɗaya, da labule ɗaya, a hoton wani gida da ba mu haɗa komai ba. Na mai hoto ne. Har kwat da tabarau da babur akan ara wa mutum ya ɗauki hoto ya mayar. Amfanin wannan shi ne, hotuna biyu masu labule ɗaya da shimfiɗa ɗaya a shago ɗaya aka yi su, kuma mai yiwuwa a tsakanin 'yan shekaru.

Daga nan sai jikin mutumin. Haƙorin Makka na nuna an riga an sauke farali, don haka in ka san shekarar Hajjinsa ka samu iyaka. Naɗin rawani mai kunne biyu a Kano na jinin sarauta ne. Zanen fuska shi ne babbar taska, kuma shi ne babban tarko. Zanen Gobirawa da ke tasowa daga gefen baki ya bazu zuwa kunne, da dogayen zanen Barebari, ba sa ɓuya. Amma bille ko 'yar baka ko fashin goshi na iya zama na gado, na iya zama na kwalliya, na iya zama na magani da aka yi wa yaro mai yawan ciwo. Kada ka yanke asalin gidanku a kan zane ɗaya. Kai hoton wajen tsohon wanzami, musamman wanda gidansu ke yi wa gidanku aski da kaciya tun kaka da kakanni. Sau da yawa zai gaya maka zanen wane gida ne, har da wanda ya riƙe askar.

Kamanni kuma shi ne mafi raunin shaida. A dangin da ake auren zumunci, kowa na kama da kowa.

Mataki na 5: Zama da tsofaffi

Duk abin da ya gabata share fage ne. Hoto na nuna fuska, amma suna da dangantaka suna bakin mutane.

Rubuta sunayen duk waɗanda suka haura shekara 70 a dangi, ta uwa da ta uba, ka fara da wanda ya fi tsufa ko ya fi rashin lafiya. Tsofaffin mata su ne kan gaba. Maza sun san sarauta da gona da shari'a; mata su suka san wa ya auri wa, wa ya fita, wa ya shayar da wa, wane yaro ne aka ba wa riƙo. Kada ka manta da waɗanda ba jini ba: tsohuwar maƙwabciya, aminiyar kaka, limamin unguwa da ya ɗaura aurarrakin gidan, da maroƙin gidan in akwai, don kirarin da yake yi a biki jerin sunayen kakanni ne.

Wanke kwafin hotunan da girma, kamar faɗin shafin littafi. Idon tsoho ba ya jituwa da gilashin waya, kuma yana son ya riƙe abu a hannu ya kai shi kusa da haske. Ka tafi da goro ko turare ko ɗan abin cefane, ka zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, bayan hantsi ko bayan la'asar. Hoto biyar ko shida sun isa zama ɗaya.

Ƙanwar kakata ce ta buɗe mini yawancin ƙunshin nan. Da na shiga da ambulan a hannu ta ce, "Maigida, yau ma takardu ka kawo mini maimakon cefane? To na yi yaji." Muka yi dariya, na ajiye goron, na miƙa mata A7 ban ce komai ba. Ta daɗe tana kallo, ta kai shi bakin taga, sannan ta ce, "Allah sarki. Wannan ai mai sunan Malam ne. Shekarar da aka kashe Sardauna ya tafi Gwanja, bai dawo ba sai da aka koro mutane."

A wannan 'yar magana akwai darasi uku. Na farko, ban ce mata "Wannan ba wane ba ne?" In ka sa wa tsoho suna a baki, zai ce "shi ne" don ya faranta maka ko don ya huta. Miƙa hoton ka yi shiru. In za ka yi tambaya, ka ce, "Iya, kin san wannan?" sannan "Ɗan wa ne?", "Su wa suka fito ciki ɗaya da shi?", "Wa ya aura?", "Ina zuriyarsa take yanzu?"

Na biyu, ba ta faɗi sunansa ba, don sunan mijinta gare shi. Tsohuwar Bahaushiya ba ta kiran sunan miji, ko na ɗan fari, ko na suruki, kuma matsa mata rashin ladabi ne. Rubuta abin da ta ce yadda ta faɗa, ka fita tsakar gida ka tambayi wata, "Wa Iya ke ce wa Malam?"

Na uku, ta ba ni shekaru ba tare da ta ambaci lamba ba. An kashe Sardauna a Janairun 1966. Korar baƙi daga Ghana, inda Gwanja take, a ƙarshen 1969 aka yi ta. Haka tsofaffi ke lissafi, don haka ka tanadi jerin irin waɗannan a bayan littafinka: zuwan Sarauniya da hawan daba na Kaduna a 1956, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, farin 1973 zuwa 1974, kisan Murtala a Fabrairun 1976, rikicin Maitatsine a Kano a Disambar 1980, canjin kuɗi na 1984. Ga Bakano, "zamanin Sarki Alhaji" na nufin mulkin Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953, kuma Ado Bayero ya hau a 1963. Ga Bakatsine, Usman Nagogo ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981. Ka nemi na garinku, har da hakimai da dagatai. Tambayar da ta fi ba ni amsa ita ce, "Lokacin nan goyon wa kike yi?"

Nemi izini ka naɗi muryar da waya, don hannu ba ya kamo duk abin da baki ya faɗa, kuma wata rana muryar kanta za ta fi bayanin daraja a wurinka. In ta kauce ta shiga labarin wata kishiya ko tsadar gero, bar ta. A irin wannan kaucewar sunaye ke faɗowa. In ta yi shiru ta kife hoto, wuce na gaba. Sannan ka kai hoton nan dai wajen mutum na biyu a wani gida, kada ka gaya masa abin da ta farko ta ce. Baki biyu da ba su haɗu ba in suka faɗi suna ɗaya, ka samu abin riƙewa.

Mataki na 6: Warware sunaye

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Mutum ɗaya na iya zama Abubakar a fasfo, Garba a unguwa, Ɗanladi a wajen uwarsa, Alhaji Ƙarami a kasuwa. In ba ka yi hankali ba sai ka zana mutum huɗu. Haka Shehu da Usman, Sanda da Umaru, Audu da Abdullahi, Binta da Fatima, Indo da A'isha. Kishiyar wannan ita ce mutum uku masu suna ɗaya, don ana mayar wa jika sunan kaka, sai a riƙa ce masa Abba ko Baba, mace kuma Ummi ko Mama. Duk Abban da ka gani a gida, tambayi sunan wa aka mayar masa; sau da yawa ta nan ake samun sunan kakan da ba shi da hoto.

Laƙabi ma na ba da labari. Gambo ya biyo tagwaye, don haka ka nemi tagwayen ko da ba su rayu ba. Tanko ya biyo mata, Kande ko Delu ta biyo maza. Auta ya rufe ɗaki. Azumi da Ɗan'azumi sun faɗi watan haihuwarsu.

Suna na biyu a takardun makaranta na da ba lallai sunan uba ba ne. Ɗalibai da yawa sunan garinsu aka liƙa musu, kamar yadda ake ji a sunayen Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wasu kuma sunan mariƙinsu suka ɗauka. Yaron da ke kan cinyar mace a hoto shi ma ba lallai nata ba ne. Ɗan fari musamman akan ba kaka ko gwaggo riƙonsa, uwar kuma ta kauce masa saboda kunya. A hoton taron gida za ka iya samun agola, da almajirin gida, da yaron shago, duk a jere da 'ya'ya.

Mataki na 7: Zana salsalar

Fara da kanka ka yi sama, kada ka fara da wani mashahurin kaka da ake cewa daga shi kuka fito ka nemi hanyar saukowa. Samu babbar takarda irin ta kwali. Kowane namiji ka jera matansa, har da waɗanda suka fita da waɗanda suka rasu, ka sa 'ya'yan kowane ɗaki a ƙarƙashin uwarsu. Matar da ta yi aure fiye da ɗaya ka bi ta kowane gida, don 'yan'uwa ta uwa su ne suka fi saurin ɓacewa a lissafi. Kusa da kowane suna ka sa lambar hotonsa.

Ni alama uku nake amfani da su. Tauraro ga abin da takarda ta tabbatar ko baki biyu suka haɗu a kai. Da'ira ga abin da mutum ɗaya ya faɗa, tare da sunansa da ranar da ya faɗa. Alamar tambaya ga hasashena. Ba na barin alamar tambaya ta koma tauraro don kawai na gaji da ganinta.

Gwada lissafinka da hankali. Tsakanin uba da ɗa yawanci shekara 25 zuwa 40 ne, ko da yake mai mata da yawa na iya haihuwar autansa yana da 70. In salsala ta ce kakan babanka ya yi zamani da Shehu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, to akwai sunaye biyu ko uku da suka zube a tsakani. In ka samu ranar haihuwa da shekarar Hijira a bangon littafin malam, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: 1380 za ta ba ka wajen 1960.

Mataki na 8: Fita waje

Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna na riƙe da fayilolin larduna na zamanin Turawa, ciki har da rahotannin gundumomi masu ɗauke da tarihin garuruwa da jerin hakimai da dagatai. Akwai Arewa House a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A Nijar kuma gidan adana takardun ƙasa na Yamai. In gidanku na sarauta ne ko na malanta ko na aikin En'e, akwai fatan ganin suna. In manoma ne ko 'yan kasuwa, abin da za ka fi samu shi ne labarin garin da lokacin da unguwarku ta kafu. Tsohon rasit ɗin haraji ko na jangali da ke cikin akwatin gida ya fi kusa da ba ka sunan maigida.

Hatimin wata ƙasa a bayan hoto kuwa alama ce ta reshen da ya yi nisa: fataken goro da suka zauna a zangon Kumasi, ko mahajjatan ƙasa da suka bi ta Chadi suka tsaya noma a Sudan ba su ƙarasa dawowa ba. Irin waɗannan ana samunsu ta bakin sarkin zango ko limamin unguwar Hausawa, kuma abin da za su fara tambayarka shi ne sunan gari da unguwa da sana'ar gidan.

Mataki na 9: Abin da za a yaɗa, da yadda za a adana

Tono zai fito maka da abin da ba ka nema ba: auren da aka ɓoye, ɗan da ake gardamar ubansa, kakar da aka kawo gidan a matsayin baiwa, gonar da aka cinye wa marayu. Rubuta a littafinka, amma kada ka zuba a zauren WhatsApp na dangi. Nemi shawarar babba ɗaya mai riƙe sirri. Hoton matar da ta yi rayuwarta cikin kulle kuma kada ya hau Facebook sai 'ya'yanta sun yarda. Akwai kuma 'yan'uwan da ba sa son a rataye hoto a bango saboda fahimtarsu ta addini. Ba sai an yi musu ba, a roƙe su dai kada su ƙona, su miƙa wa mai adanawa.

Ɓarnar da na yi ita ce laminatin. Na kai hoton kakana guda ɗaya tilo wani shago aka liƙe shi da leda mai zafi, ina ganin gata na yi masa. Bayan damina biyu danshi ya shiga ta gefe, fuskar ta yi kumfa, kuma ba hanyar ɓarewa. Kada ka yi. Haka salatif, da gam, da albam mai shafi mai danƙo. Kowane hoto ya samu ambulan na farar takarda shi kaɗai, da lambarsa a jiki, a jera su cikin akwati mai murfi, a ɗora a kan kabad nesa da ƙasa da bangon da ke tsotsar ruwa, kuma ba a ɗakin girki ba. A buɗe a duba sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta, saboda gara da kyankyaso.

Daga hotuna 31 ɗin nan, 26 yanzu suna da suna. Biyar ɗin da suka rage na wanke su da girma na sa a ambulan daban da ke zaune a aljihun motata. Duk bikin aure ko suna ko zaman makoki da na san tsofaffin garin kakata za su zo, nakan jira a gama cin abinci, in matsa kusa da tabarmarsu in gaishe su, in fito da A12, wani dogon mutum mai bille a kumatun hagu da keke a gefensa, in miƙa wa wadda ta fi kusa.